Muryar da Na Goge da Hannuna

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai karanta wannan shafi. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Makoda, kuma a shekarun da abin nan ya faru, in ka shigo garinmu ka tambayi wanda ya fi kowa baki, ko akuya ka tsayar za ta nuna maka rumfata. Manomi ne ni kamar kowa, gero da gyaɗa, amma ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa inda nake cajin waya da sola, ina gyaran rediyo da tocila. Da 'yan makaranta suka fara shigowa da tsofaffin kwamfutocin nan na ɗorawa a cinya, sai na je Bacirawa wurin wani abokina na koyi buɗe su. Ilimin nawa bai taka kara ya karya ba, amma bakina ya cike gurbin. Nakan gaya wa mutane cewa na taɓa gyara rediyon da ya shekara a rijiya, da na kunna shi sai da ya yi tari ya tofar da kwaɗo kafin ya kama tasha. Ga ni kuma da kwaikwayon murya. Ladaninmu, dillalin shanu, surukata in tana faɗa, duk suna cikin maƙogwarona. Majalisar yamma ba ta cika sai na iso. Ban taɓa zaton wannan bakin da wannan hannun za su haɗu su jawo wa wata baiwar Allah asarar da ba a mayarwa ba.

Da damina ne, gero ya wuce kan mutum, hanyoyin unguwanni sun zama lunguna tsakanin karare. Wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo ta fito daga cikin gonakin nan da kaya a ka, naɗe cikin sabon zane, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Na san ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, babban ɗanta kuma, malamin firamare da ke koyarwa wajen Ungogo, ya rasu a hatsarin babur shekarar da ta gabata. Ta sauke kayan a kan teburina ta kwance zanen da kanta. Tsohuwar kwamfuta ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, haruffan madannanta sun goge don tsufa. Ta ce kayan wancan ne, ya yi shiru, a duba mata. Ni da ban iya ganin mutum ban taɓa shi da wasa ba, na tambaye ta ko hira za ta fara yi da samari a intanet, in haka ne ta sa ni a layi tun da wuri. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai a mayar mata da shi yadda yake. Na bugi ƙirji na ce zan mayar da shi ya fi sabo, har masu kamfanin su zo su tambaye ni sirri. Ta dube ni ta sake cewa, yadda yake. Sau biyu ta faɗa, kuma sau biyun ban ji ba.

Na fara aiki washegari. Na danna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na gwada cajar, na ga tana kawo wuta, sai na gane matsalar tana ciki. Batirin ya kumbura kamar cikin wanda ya ci wake da yawa, na cire shi na ajiye. Da na kwance bayanta, abin da na tarar sai wanda ya gani. Kiyashi sun kafa gari a ciki har da unguwanni, fankarta ta toshe da ƙura da ɓawon gyaɗa, kai ka ce a cikinta ake sussuka. Na share da burushi, na zare ɗan fallen nan da muke kira ram na goge bakinsa na mayar. Sannan na gano ainihin ciwon: bakin da caja ke shiga ya saki daga jikin babban allon da ke cikinta. Na ɗora dalma na kama shi. Na jona ta da batirin solata na danna, sai fanka ta juya, fuska ta yi haske. Ta nuna wani rubutu tana ƙorafin cewa agogonta ya ɓace, alamar ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo ya mutu. Ba ni da irinsa a rumfa, sai na tsallake na ce in na shiga birni na sayo. Ta buɗe lafiya, babu lambar sirri. Hoton da ke fuskarta na wata bishiyar mangwaro ce da turmi a ƙarƙashinta. Na rufe murfin na bar ta a jone, na juya ga wata rediyo.

Ranar ba kasuwa, kowa yana gona. Hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu tun rana ba ta karkata ba, iska ta ɗauke cak. Irin shirun nan da ko kaza ba ta motsi. Ina sunkuye a kan rediyo, sai na ji fanka ta tashi a bayana. Ban taɓa komai ba, murfin a rufe yake. Sai na ji gyaran murya, ɗan tari kaɗan, kamar mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran izini. Sannan muryar ta ce, a hankali, "Inna, lokaci ya yi. Ki tashi ki sha." Edita, na san muryar. Na yi sallah sahu ɗaya da mai ita, na sha tsokanarsa a kan ƙaramin babur ɗinsa, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ban san lokacin da na tsallake teburi ba. Takalmina ɗaya a rumfa ya kwana. Na tsaya a tsakiyar kasuwar da babu kowa, ruwa ya fara sauka, ina jin gero yana kaɗawa ta ko'ina, kuma na kasa juyawa in kalli rumfar da na gina da hannuna.

Da a nan na tsaya na yi tunani, da ban rubuto wannan wasiƙa ba. Wani sashe na zuciyata ya gaya mini tun a lokacin cewa murya ce aka naɗa aka ajiye, don ni da kaina ina saka wa mutane karatu a waya. Amma tsoron gaskiya ne, labarin kuma ya yi daɗin da ba zan iya haɗiye shi ba. Da yamma a majalisa na zuba shi, na ƙara masa gishiri da yaji. Na ce murfin da kansa ya ɗaga. Na ce rumfa ta cika da ƙanshin turaren gawa. Na ce na ga danshin ƙasar kabari a kan madannai. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni: na kwaikwayi muryar mamacin, da ɗan tarin da komai. Na yi ta daidai har wani dattijo ya miƙe ya bar wurin. Sauran suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, suka ce in sake.

Washegari rumfata ta cika da 'yan kallo. Ina cikin cika baki cewa ni aljanu ma sun san ni, sai fankar ta sake tashi, da hantsi wannan karon, muryar ta sake faɗin abin da ta faɗa. Mutane suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Daga nan labarin ya fi ƙarfina. Kafin ya je unguwannin cikin gona ya dawo, an ce mamacin yana kiran uwarsa ta bi shi, an ce abin da yake cewa ta sha ba na duniya ba ne. Mata suka daina aiko da waya caji. Ni kaina na daina zama ni kaɗai da kwamfutar, don ba ta da tsayayyen lokacin magana. Yau ta yi magana da safe, gobe da azahar, jibi ta yi shiru har sai ka saki jiki. Ban haɗa wannan da agogon da ya ɓace ba, alhali ni na ga rubutun da idona.

Sai ga ƙanin mijin Gwaggo, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya zo mini rai a ɓace. Ya ce na mayar da gidansu abin nuni, ana cewa ɗansu bai kwanta ba, yaron da ya rayu bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ya ce ko in rufe bakin abin nan, ko ya ɗauke shi ya jefa a tsohuwar rijiyar bayan gari. Na tambaye shi ko Gwaggo ta san ya zo. Ya ce wannan ba maganar mata ba ce. Ni kuma na ga hanyar da zan fita daga ramin da na haƙa, har in fito da suna. Na ce ya bar mini, ni nan likitan fatalwa ne. Mu masu gyara muna da wata al'ada: duk abin da ya gagare mu fahimta a kwamfuta, sai mu yi mata fomatin, wato mu share rumbun ajiyarta tas mu zuba sabon tsari. Yana da sauri, kuma mai kaya yakan ga ta dawo da gudu ya yi godiya. Ban buɗe ko jaka ɗaya na duba abin da ke ciki ba. Ban kwafe komai ba. Ina soka filashin da zan yi aikin da shi, sai ga gyaran muryar nan, sai ga ɗan tarin. Mamacin ya ce, "Inna," ni kuma na danne maɓallin kashewa na riƙe har kwamfutar ta mutu. Ban bar shi ya ƙarasa ba.

Na gama aikin, na sayo ƙaramin batirin na saka, agogo ya daidaita. Don in nuna bajinta, na cika ta maƙil da karatun Alƙur'ani da wa'azi, na ce tsohuwa ta samu abin saurare. Na goge ta da tsumma har tana ƙyalli. Gwaggo ta zo ta naɗe ta a zanenta ta sa mini albarka ta tafi. Ko labarin da ke yawo ya kai kunnenta, ba ta nuna ba. A majalisa na ce na yi kokawa da fatalwa na kayar da ita, har ta roƙe ni in bar ta ta ɗauki takalmanta.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo da kayan a ka. Ta zauna a kan bencina, abin da ba ta yi ba a zuwan farko. Sannan ta ce yana haske, yana karatu, amma har yanzu bai yi kira ba. Ta ce ta zauna a gabansa bayan la'asar kullum, ko dai ita ce ba ta iya kunnawa ba. Ni da wautata na washe baki na ce ai ta kwantar da hankalinta, wannan abin na cire shi gaba ɗaya, ba zai sake damunta ba. Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta tambaye ni, cikin ladabi kamar mai tambayar kusar da aka kwance, ina na ajiye shi, in ba ta ta tafi da shi gida ko da ba a mayar ba. Na ce ba a ajiye irinsa, in an goge ya tafi. Ta ce to. Ta ɗaure zanen, ta gyara shi a ka, ta shiga cikin geron. Na bi ta da ido har karare suka rufe ta.

Matata ce ta buɗe mini ido. Ta dawo daga wani suna a unguwar su Gwaggo, ta ajiye mini tuwo ba ta ce ci ba. Ta ce maƙwabciyar Gwaggo ta ba su labari. Tsohuwar tana da hawan jini, tana mantawa da maganinta, kuma ta ƙi riƙe waya. Shi kuma ɗan yakan yi kwanaki a wurin aiki. Sai ya naɗi muryarsa a tsohuwar kwamfutarsa, ya jona ta da 'yar solar ɗakinta, ya tsara ta yadda kullum bayan la'asar za ta farka ta tuna mata. Bayan rasuwarsa abin bai daina ba. Kullum yana kiranta, kullum tana amsawa da to, ta tashi ta sha, har ranar da bakin cajar ya saki. Na ce to me ya hana ta gaya mini haka tun farko. Matata ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce ɗan fari ne fa. Ta tambaye ni ko na taɓa jin Gwaggo ta kama sunansa tun da nake. Ta ce matar da ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba, wadda ranar da aka fita da shi ta zauna tana ba wasu haƙuri idonta a bushe, ita ce za ta zo bakin kasuwa ta gaya wa mai barkwanci cewa tana kewar muryar ɗanta? Ta ce ai ta faɗa maka iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa. Ta ce maka yadda yake.

Ban ci tuwon ba. Na je na roƙi Gwaggo ta ba ni kwamfutar na ce akwai abin da na manta, na hau mota zuwa Bacirawa. Abokina ya cire rumbun ya jona a tasa kwamfutar, ya yini yana lalube. Ya tono wasu hotuna rabi-rabi, da takardun jarrabawar yara, amma muryar babu. Ya ce da fomatin kawai na yi na tsaya, da akwai fata, amma kayan da na zuba sun hau kan wurin sun danne shi. Kyautar da na yi don a yabe ni ita ce ta binne shi. Na tambayi abokan mamacin ko wani yana da saƙon muryarsa a waya. Wannan ya canza waya, wancan ta faɗa ruwa, wayar shi mamacin kuma ta farfashe a hatsarin.

A nan shaiɗan ya kawo mini shawara, na kuma karɓa ina ganin alheri ne. Na ce ai muryar tana maƙogwarona. Na rufe rumfa na yi ta gwadawa, da gyaran muryar, da tarin, da yadda yake jan kalmar ƙarshe, har na naɗi wadda ni kaina da na saurara sai da tsigar jikina ta tashi. Abokina ya nuna mini yadda ake tsara ta da lokaci. Na kai mata da kaina, na ce Allah ya taimaka an samo. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin mangwaron nan da na gani a hoto, ga turmin a kife. Muka zauna bayan la'asar, kwamfutar tana tsakaninmu. Fanka ta tashi. Muryar ta fito. Gwaggo ta rufe ido ta saurara har ƙarshe, kuma ba ta ce to ba.

Ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari, amma in cire. Na fara rantsuwa, ta ɗaga hannu. Ta ce ranar da ya naɗi tasa, yana zaune a inda nake zaune, ita kuma tana daka a turmin nan, ta juya masa baya kamar ba ta san abin da yake yi ba. Ta ce a bayan muryarsa ana jin taɓaryarta. Ta ce abin da take saurare ke nan kullum, shi yana magana ita tana daka, su biyu a tsakar gida ɗaya. Sannan ta kira sunansa. Ba da ƙarfi ba, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo. Maƙwabciyarta da ke tsaye a bakin zaure ta toshe baki ta juya, don tun da aka haife shi ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Ni da na shiga gidan da muryar aro, na fito ba ni da ko tawa.

Gwaggo tana nan da rai. Ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba, ko gori ba ta yi mini ba, wannan kuwa ya fi mini bulala zafi. Kullum in an idar da la'asar nakan bi ta cikin gonaki in tsaya a ƙofar gidanta in yi sallama, in ce Gwaggo a sha magani, da muryata ta kaina. Wani lokaci ta amsa, wani lokaci in ji motsin kwano kawai. Har yanzu ina wasa, don hali zanen dutse ne, amma na bar kwaikwayon mutane. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne, in rumfa ta yi shiru, hadari ya haɗo, nakan ji gyaran muryar nan a bayana, da ɗan tarin. Na san babu kowa. Na san a kaina yake. Amma kullum a kan "Inna" yake tsayawa, daidai inda na katse shi, kuma nakan samu kaina na ajiye abin da ke hannuna ina jira ya ƙarasa.

Shawarata ga 'yan'uwana masu gyara, kada ku share kayan mutum sai kun duba kun kwafe, ko da kuwa mai kayan ya ce ba komai a ciki, balle kayan mamaci. Wayar da ka raina, kwamfutar da kiyashi suka cinye, wataƙila nan ne kaɗai wani ya rage wa wani a duniya. Ga masu baki irina, ku sani labarin da kuka ƙara wa gishiri don a yi dariya yana da ƙafa, kuma gidan wani zai shiga. In kuma dattijuwa ta zo muku da magana gajera, ta maimaita ta, ku ajiye wasa ku saurara, don iyayenmu ba sa faɗin abin da ya fi damunsu kai tsaye. Ina roƙon masu karatu su sa Gwaggo a addu'a, da ɗanta, sannan in da saura, da ni.